Babi na Shida: Yaushe Ƙaramar Mesa Ke Isa Barbara?

"Wata nawa za ta yi kafin ta fara ƙwai?"

Duk wanda ya ga ƙaramar mesa a hannun mai kiwonta, da wuya ya tashi bai yi wannan tambaya ba. Matashin Gusau da ya kalli bidiyo a waya, ya ga Ba'amurke yana jawo akwati bayan akwati, kowanne da mesa naɗe bisa fararen ƙwai, ita ce ke fara zo masa a rai. Haka ma ɗan kallon da ya kutsa cikin taron gardi ranar kasuwa a Tsafe ko Bungudu, sai dai shi yakan ce, "Malam, wannan kuwa ta taɓa haihuwa?"

Amsar a taƙaice ita ce, namiji kan balaga tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, mace kuwa sai ta doshi shekara uku. Amma wanda ya riƙe wannan lissafi kaɗai ya yi gaba, yana iya halaka dabbarsa da hannunsa, yana ganin daidai yake yi. Mace na iya ɗaukar ƙwai tun jikinta bai kai ƙarfin da zai fitar da shi lafiya ba. Tsakanin iya ɗauka da iya saukewa akwai tazara ta watanni masu yawa, kuma a cikin wannan tazara ake tafka yawancin asara. Aikin wannan babi shi ne ya nuna yadda ake gane cewa an tsallake ta.

Wace mesa ce wannan?

Mesar da mutanenmu suka fi sani ita ce babba, mai zama a fadama da bakin gulbi da ramukan duwatsu, wadda kan wuce mita 4 har ta haɗiye ɗan akuya. Ta wannan babi ƙanwarta ce, masana na kiranta Python regius. Tsawonta ba ya cika wuce mita ɗaya da rabi. Gajeriya ce kakkaura, mai ɗan ƙaramin kai da siririn wuya, fatarta baƙa da zane ruwan zuma. Ba ta da dafi. Idan ta tsorata ba ta cika kai sara ba, sai ta dunƙule wuri ɗaya ta cusa kanta a tsakiya, har ka iya ɗaukarta a tafin hannu ba ta warware ba.

Ana samun ta tun daga Senegal har zuwa Yuganda, amma ta fi yawa a inda ruwan sama ya fi namu, wato tsakiyar Najeriya da kudancinta, da Jamhuriyar Binin, da Togo, da Gana. Takan wuni a ramin gafiya ko tsohon suri, ta fito da dare neman ɓeraye. Saboda haka amfaninta ga rumbun manomi ya fi cutarwarta nesa ba kusa ba.

Gargaɗi ɗaya kafin mu ci gaba. Kasa ma gajeriya ce kakkaura mai zane, kuma ita ce mutumin Zamfara zai fi cin karo da ita a gona. Kan kasa faffaɗa ne, fatarta da kaushi, tana huci idan an matso, dafinta kuwa yana ruɓar da nama, yana kisa. Kasa 'ya'ya take haifa, ba ta kwanci a kan ƙwai. Wanda bai ƙware da bambance su ba, kada ya kai hannu.

Abin da ya haifar da gaggawa

A garin Wida na Jamhuriyar Binin akwai ɗakin bautar gargajiya da aka keɓe wa wannan mesa, a yankin Idemili na ƙasar Ibo kuma ba a kashe ta. A Amurka da Turai kuwa dabbar gida ce, tana cikin macizan da aka fi kiwo a duniya. Kasuwarta ta buɗe sosai bayan 1992, shekarar da wani makiyayi a Amurka mai suna Bob Clark ya yi nasarar ƙyanƙyashe zabiyarta. A 1997 Peter Kahl ya fitar da mai dabbare-dabbaren fari. Irin waɗannan launuka sun kai dubban daloli guda ɗaya, nan fa kowa ya shiga rige-rigen samar da sabon launi kafin farashi ya faɗi.

Daga 1975 zuwa yau an fitar da irin wannan mesa sama da miliyan 3 daga Afirka ta Yamma, akasari daga Togo da Binin da Gana. Mafarauta kan tono mata masu ciki ko masu kwanci daga ramuka, a ƙyanƙyashe ƙwan, a loda 'ya'yan a jirgi. Togo kaɗai ta yi shekaru tana da damar fitar da 62,500 ta wannan hanya a kowace shekara. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin dabbobin da suka kusa faɗawa haɗarin ƙarewa. Cinikinta tsakanin ƙasashe na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke ciki. A gida kuma dokar kare dabbobin dawa ta 1985, wadda aka tsananta hukuncinta a 2016, ta haɗa da mesa babba da ƙarama.

Don haka wannan babi ba kira ba ne ga kowa ya ɗauki fartanya ya shiga tonon ramuka. An rubuta shi ne domin ma'aikacin gidan zu, da ɗalibin likitancin dabbobi, da mai izinin kiwo daga hukuma, da gardin da mesa ta riga ta shigo hannunsa, da manomin da zai iya tarar da uwa a kan ƙwanta. Dukkansu suna bukatar sanin abu guda: haihuwa na cin jikin wannan dabba fiye da yadda ido ke nunawa.

Darasin karsana

Makiyayin Tsafe ba ya bukatar littafi kafin ya fahimci wannan. Ya san karsana kan nemi bijimi tun ba ta gama girma ba. Ya kuma san abin da ke biyo baya idan aka bari aka hau ta da wuri: ta sha wahalar naƙuda saboda ƙugunta bai buɗe ba, ɗan maraƙin ya fito ƙanƙane, nono ya yi kaɗan, ita kanta ta tsumbure, ta ƙare rayuwarta ba ta kai girman sa'o'inta ba. Abincin da ya kamata ya gina ƙashinta, ciki ya cinye shi. Shi ya sa gogaggen makiyayi ba ya tsayawa kan shekarunta kawai. Yakan zagaya ta, ya dubi faɗin ƙugu, ya shafa haƙarƙari, ya tuna irin kiwon da ta samu a daminar da ta wuce, sannan ya yanke shawara.

Ido irin wannan ake bukata wajen mesa. Bambancin kawai shi ne, saniya na ci gaba da kiwo tana ɗauke da ciki, mesa kuwa rufe baki take yi. Duk abin da za ta zuba a ƙwai sai dai ta ɗebo daga abin da ta riga ta tara.

Abin da ƙwai ke ci a jikin uwa

A cikin mesa akwai jerin kitse kwance a gefen hanji. Idan lokacin barbara ya zo, hanta ce ke sarrafa wannan ajiya ta mai da ita gwaiduwa, ƙwayayen da ke cikinta su yi ta girma mako bayan mako. A wannan lokaci za ka ga tana gudun ɗumi, tana naɗe kwanon ruwa don neman sanyi. Daga nan sai cin abinci ya ragu, har ya tsaya cak.

Sai wata rana tsakiyar jikinta ya kumbura tim, kamar ta haɗiyi wani babban abu alhali ba ta ci komai ba. Ƙwayayen ne ke gangarawa mahaifa. Kumburin kan sauka cikin yini guda ko biyu. Bayan kamar mako uku sai ta yi saɓa, bayan saɓar da kamar kwana 30 sai ta zuba ƙwai. A 'yan makonnin nan za ka iya tarar da ita kwance rigingine, farin cikinta a sama. Idan aka bar mata ƙwan, za ta naɗe shi na tsawon kwana 55 zuwa 60, da ƙyar take barinsa ko don shan ruwa.

Yanzu mu yi lissafi. Takan yi ƙwai 3 zuwa 11, an fi ganin 6 ko kusa da haka. Ƙwai guda kan kai giram 80 zuwa 100. Ƙwai shida ke nan sun tasam ma rabin kilo ko fiye. Macen da ke da kilo ɗaya da rabi, wajen sulusin nauyinta ne zai fita a dare ɗaya, bayan ta shafe watanni ba ci. Wanda ya taɓa ganin mesar da ta gama zuba ƙwai ba ya mantawa: fata ta saki ta yi ninki a gefe, ƙashin baya ya fito, ciki ya lotsa. Wannan halin babbar mace lafiyayya ke nan. To ina ga wadda giram 900 ne gaba ɗayanta?

Idan ajiyar ba ta isa ba, ɗayan abu huɗu ke faruwa. Mafi sauƙinsu shi ne jikin ya fasa, ya tsotse ƙwayayen ya mai da su abinci. Na biyu, ta zuba baragurbi, 'yan ƙananan ƙwai rawaya masu danƙo da ba za su ƙyanƙyashe ba. Na uku, ta yi ƙwai biyu ko uku, sannan ta ɗauki shekara ko fiye tana farfaɗowa. Na huɗu shi ne mafi muni, ƙwai ya maƙale. Ƙwan mesa ba ya ƙanƙancewa sosai don uwar ƙarama ce, hanyar fitarsa kuwa gwargwadon jikinta take. Za ta yi ta yunƙuri har ƙarfi ya ƙare. Matsa shi da hannu na iya yaga mahaifa. Sau da yawa sai an kai ga tiyata, kuma ga mazaunin Gusau manyan asibitocin koyar da likitancin dabbobi suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kowanne tafiyar sa'o'i ce. A nan rigakafi ya fi magani ƙwarai.

Ma'auni uku na mace

Na farko shekaru. Masu kiwo a ƙasashen sanyi kan ce a bari ta ga lokacin sanyi uku. A wurinmu wannan na nufin ta sha hunturu uku. Wadda aka ƙyanƙyashe a watan Mayu, hunturun farko zai same ta tana 'yar wata shida ko bakwai, na biyu tana shekara ɗaya da rabi, na uku tana shekara biyu da rabi. Idan aka haɗa ta da namiji a hunturu na uku, ƙwan zai zo ne tana dab da cika shekara uku. Kafin nan ko magana ba a yi.

Na biyu nauyi. Adadin da yawancin masu kiwo suka tsaya a kai shi ne giram 1,500. A daji an sha samun mace mai ƙasa da haka kwance kan ƙwai, wasu makiyayan ma kan fara daga 1,200. Sai dai ta daji takan kasance ta manyanta, doguwa ce mai tsoka wadda yawon neman abinci ya ƙarfafa, kuma waɗanda suka mutu a rami wajen zuba ƙwai babu mai ƙirga su. Giram 1,500 ba iyakar da halitta ta gindaya ba ce, rata ce da mutane suka bar wa kansu don gudun nadama.

Na uku cikar jiki, kuma shi ne sikeli ba ya iya faɗa. Ka ɗora ta a hannu ka dubi tsakiyar jikinta. Lafiyayyar mesa bayanta a ɗan zagaye yake, gefenta cike, idan ta naɗe maka hannu za ka ji ƙarfin riƙo. Ramammiya ƙashin bayanta a tsaye yake kamar tsini, jikin ya zama mai kusurwa uku, fata na tattarewa idan ka ɗan ja. Mai ƙiba kuwa jikinta taushi gare shi, ƙashin baya ya nutse ya bar kwari a tsakiya, ɓawon fatarta ya rarrabu har ana hango farar fata a tsakani, gab da wutsiya kuma kitse ya taru sannan wutsiyar ta tsuke farat ɗaya.

Dole ukun nan su haɗu. Biyu ba su isa ba. Ɗauki mata biyu, kowacce giram 1,500. Ta farko wata 18 gare ta, an yi ta cusa mata abinci, gajeriya ce mai ɗan ƙaramin kai da tulin jiki. Ta biyu ta haura shekara uku, ta ɗara mita ɗaya, ta kai wannan nauyi sannu a hankali. A kan sikeli ɗaya suke. A wajen zuba ƙwai, ta biyu ce kaɗai ta shirya. Haka kuma wadda ta kai shekara huɗu amma nauyinta bai wuce giram 1,000 ba, shekarunta ba za su cece ta ba. Sai a binciki dalilin rashin girmanta tukuna.

Namiji fa?

A babin da ya gabata mun ga yadda ake bambance namiji da mace. Shi al'amarinsa ya fi sauƙi, domin ba ya ɗaukar ƙwai. Yakan balaga tsakanin wata 11 da 18, masu kiwo kuma kan jira ya kai giram 600 zuwa 700. Alamar balagarsa ita ce wasu 'yan zaruruwa farare na daskararren maniyyi da ake gani a bakin duburarsa ko a jikin saɓarsa. Ƙanƙantarsa ba ta hana shi barbarar macen da ta ninka shi girma. Idan aka haɗa su zai bi bayanta, yana sosa ta da 'yan faratan nan biyu da ke gefen duburarsa, har wutsiyoyinsu su sarƙe, su ɗauki sa'o'i a haka ba motsi.

Haɗarin namiji yunwa ce. Da zarar ya shiga yanayin barbara yakan ƙi abinci, wani har wata uku ko fiye. Babba mai kilo guda zai jure. Ƙarami mai giram 400 ba shi da abin da zai ƙona, sai ka ga ya zube cikin 'yan makonni, cuta ta samu ƙofa. Saboda haka ake barinsa kwana biyu ko uku wurin mace, a fitar da shi ya huta, a gwada ba shi abinci. Masu kiwo da yawa kan dakatar da shi gaba ɗaya idan ya zubar da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Mafi aminci shi ne a bar shi sai hunturunsa na biyu.

Sikeli da littafi

Kayan aikin da ya fi kowanne muhimmanci ba su da tsada: ƙaramin sikeli mai batir wanda ke nuna giram, roba mai murfi da aka huda wa ƙofofin iska, da littafin rubutu. Ka ɗora robar a kan sikeli babu komai, ka danna ya koma sifiri. Ka saka mesar, ka rufe, ka jira lambar ta daina rawa, ka rubuta tare da kwanan wata. Sau ɗaya a wata ya wadatar.

A auna ta kafin ciyarwa, in da hali bayan ta yi kashi, domin mesa na iya riƙe kashi na makonni, ya ƙara mata nauyin da ba nata ba. Kada a ɗaga ta sai bayan kwana biyu da cin abinci, in ba haka ba tana iya amayar da shi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, saboda ƙwayar cutar salmonela da macizai kan ɗauka.

A littafin a rubuta ranar ƙyanƙyasa, da kowace ciyarwa, da ranar da ta ƙi ci, da kowace saɓa. Jaririya kan fito da giram 60 zuwa 100. Abin da ake so a gani shi ne lamba na hawa a hankali. Idan ta tsaya wata biyu a lokacin sanyi ba abin damuwa ba ne. Idan tana sauka wata bayan wata, akwai matsala, kuma mai matsala ba a kai ta barbara ko da ta cika sauran sharuɗɗa.

Tarkon ɗura

Da yake an ce giram 1,500, sai mai gaggawa ya ce bari ya kai ta can cikin shekara guda. Ya riƙa ba ta ɓera duk bayan kwana uku, wani ma ya tura na biyu tun na farko bai gama wucewa maƙogwaro ba. Wannan ɗura ce. Ƙa'idar da aka saba ita ce jaririya ta ci duk kwana 5 zuwa 7, matashiya duk kwana 7 zuwa 10, babba duk mako biyu ko fiye, kuma kaurin abincin kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta.

Ɗura na ƙara lamba a sikeli, amma ƙashi da tsoka da mahaifa suna da nasu lokacin. Abin da ke ƙaruwa kitse ne, ya lulluɓe hanta, ya cunkushe cikin da ƙwai zai bi. Mace mai ƙiba ta fi yawan zuba baragurbi, ta fi fuskantar maƙalewar ƙwai saboda tsokarta ba ta da ƙarfin turawa, kuma ba ta cika yin tsawon rai ba. Sauri ya haifi nawa: wanda ya so cin ribar shekara guda yakan wayi gari ba uwa ba 'ya'ya.

Hunturu da bazarar Zamfara

A dazukan Togo da Gana, barbara na gudana ne da rani, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙwai na zuwa tsakanin Fabrairu da Afrilu, 'ya'ya su fito da faɗuwar ruwan farko, lokacin da abinci ke yawaita. Masu kiwo a Amurka sai sun rage zafin ɗaki da dare kafin mesa ta ji alamar lokaci ya yi. Mu a nan hunturu na yi mana wannan aiki kyauta, sai dai yakan wuce gona da iri.

Wannan mesa na son gefe ɗaya na mazauninta ya kai digiri 31 ko 32, ɗaya gefen 26 ko kusa da haka, da laimar iska kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. A Gusau daren Disamba da Janairu kan sauka ƙasa da digiri 15, iska ta bushe ƙamas. A Maris da Afrilu kuwa zafi kan haura digiri 40. A daji rami ne ke kare ta daga duka biyun. A akwatin katako ƙarƙashin rufin kwano babu wannan kariya. Sanyi na hana ta narkar da abinci, ya jawo mata ciwon huhu, ka ji tana numfashi da ƙara, majina na fita a baki. Bushewar iska na sa saɓa ta maƙale, musamman a ido da ƙarshen wutsiya. Zafin bazara kuwa yana iya kashe ta a yini ɗaya.

Ma'anar wannan ita ce, mesar da aka raina a Bungudu ko Tsafe ba tare da tsayayyiyar wutar lantarki ba, tana iya rasa watannin ci a kowace shekara, girmanta ya yi jinkiri. Kada a ɗauki lissafin da aka gani a YouTube a ɗora mata. Idan sai a hunturu na huɗu ta cika sharuɗɗa, to na huɗun ne lokacinta. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi mata na kwano. Kaskon yumɓu da aka kife, aka fasa masa ƙofa a gefe, aka shimfiɗa ƙasa mai ɗan danshi a ƙarƙashinsa, yana maye mata gurbin rami.

Wadda aka kamo da wadda aka tarar

Mesar da ta fito daga daji ba ta da ranar haihuwa a rubuce, kuma tsawo ba ya faɗin shekaru. Takan zo da kaska a fata da tsutsa a ciki, ta yi watanni tana ƙin abinci saboda firgici. Irin wannan, ko ta kai kilo biyu, a keɓe ta wata biyu zuwa uku, likitan dabbobi ya duba kashinta, a bar ta ta shekara tana ci da kanta kafin a yi tunanin barbara.

Manomin da ya tarar da mesa naɗe kan ƙwai a lokacin sharar gona kuwa, ya tuna lissafin da muka yi. Shekara uku ko fiye ta ɗauka tana tsere wa shaho da wutar daji da sandar mutane kafin ta kai wannan matsayi, kuma sau da yawa ba kowace shekara take samun ƙarfin yin ƙwai ba. Ɗauke ta ɗauke zuriya ce gaba ɗaya. Ya mayar da ƙasar yadda take, ya bar ta.

Me aka rasa idan an jira?

Kusan babu. Wannan mesa kan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. A watan Yulin 2020, wata da aka ƙiyasta shekarunta 62 a gidan zu na Sent Luwis a Amurka ta zuba ƙwai bakwai, alhali ta haura shekara 15 rabonta da namiji. Dabbar da ke da irin wannan tsawon kwana, jiran shekara ɗaya ba komai ba ne a rayuwarta. Kuma jiran ma riba ne, domin gwargwadon girman mace gwargwadon yawan ƙwanta da saurin murmurewarta. Wadda aka fara da ita da giram 1,800 za ta fi wadda aka fara da 1,200 ƙwai tun zubin farko, ta kuma fi ta a shekarun da ke tafe.

Kafin ka saka namiji a akwatin mace, ka tambayi kanka abu biyar. Ta sha hunturu uku? Ta kai giram 1,500 ba da ɗura ba? Jikinta a cike yake da tsoka? Tana ci, tana saɓa guda ɗaya ba a yayyage ba, numfashinta lafiya? Kana da izinin hukuma, da wurin ajiye 'ya'ya shida zuwa goma, da ɓerayen ciyar da su kowane mako? Idan amsar ɗaya ta zama a'a, a bari sai baɗi. Dabbar da ka tsare ba ta da zaɓi, haƙƙinta na wuyanka.

Idan kuwa duka sun cika, aka yi barbara, ƙwai ya sauka lafiya, sabuwar tambaya ce za ta taso: a bar wa uwa ta yi kwanci, ko a ɗauke a saka a na'urar ƙyanƙyasa? Masu bincike da suka yi aiki a Togo sun gano cewa naɗewar da uwa ke yi wa ƙwanta na hana shi bushewa ne fiye da ɗumama shi, kuma wannan magana ce babba ga mai zama a ƙasar da bazara ke busar da komai. A babi na gaba za mu bi ƙwan tun daga daren da aka zuba shi har ranar da ɗan mesa zai tsaga ɓawo ya leƙo, mu ga yadda ake riƙe masa digiri 31 da danshi na wata biyu a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa.